Takalmin Ƙafar Dama

Na san na yi muku shiru mai tsawo. Wasunku sun yi ta turo saƙo suna tambaya ko aure ne ya ɗauke ni, wata baiwar Allah har da rantsuwar ba za ta yafe ba idan aka sha biki babu ita. Ba biki aka sha ba. Yayana ne ya rasu, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta wannan maganar ba tare da na kife wayar ba. Wadda ta shigo yau ba ta san komai ba, ta gyara zama kawai, zan faro mata daga tushe.

Mu huɗu Umma ta haifa. Yaya ne babba, sai Anti Babba, sai Anti Ƙarama, sai ni da na zo a makare, shi ya sa har yau da nake aiki a shagon labule kowa Auta yake ce min. Babanmu ya rasu ina rarrafe. A hoto kawai na san fuskarsa, amma ban taɓa sanin maraici ba, don tun Yaya bai fara aske gemu ba ya ɗauki gidan ya ɗora a kansa. Shekarunsa arba'in da ɗoriya, ƙaƙƙarfa, mai dariya da ciki. Ban taɓa ganinsa kwance da rana ba, ko ciwon kai ya yi sai dai ya sha ruwa ya ce ya wuce.

Sana'arsa koyar da tuƙi. Motarsa ƙarama ce fara, da jar alamar koyo gaba da baya, an ƙara mata birki na biyu a gefen fasinja. Yakan bubbuga kujerar ya ce, "Mutane na kiran nan kujerar mai zaman banza, ga shi ita ke ciyar da gidanmu."

Duk wanda ya taɓa koyo a hannunsa ya san abu ɗaya. Da zarar Yaya ya zauna, kafin ya ce a tada mota, sai ya sunkuya ya kwance takalmin ƙafarsa ta dama, ya zare safa ya cusa a ciki, ya tura shi ƙarƙashin kujera, ya ɗora tafin ƙafarsa tsirara a kan birkinsa. Wai takalmi yana hana mutum jin abin da mota ke faɗa. Ɗalibai suna yi masa dariya a ɓoye, wasu na ce masa Malam Ƙafa Ɗaya, yana ji yana basarwa. Abin da ba su sani ba, mu 'yan gida muka sani: ranar da zuciyarsa ta kwanta da tuƙin mutum, ba ya yabo, ba ya cewa komai. Sunkuyawa kawai zai yi ana cikin tafiya, ya mayar da takalminsa, ya ɗaure. Ma'ana ba ka buƙatar birkinsa kuma.

Ni ma an yi min. Na sha wuya a hannunsa, har kuka na yi a hawan gada, na ce ni da mota har abada. Ranar da na hango shi ta gefen ido yana jan safa, farin ciki ya sa na kusa kai wa katangar mutane sumba. Ya ce, "Auta, kada ki sa in sake kwancewa, bayana ciwo yake."

To, a gidanmu wannan takalmin ba a makarantar tuƙi ya tsaya ba. Duk namijin da ya zo neman ɗayarmu, Yaya ba ya zaunar da shi a falo ya yi masa tambayoyin kai ɗan waye, nawa kake samu. Makulli yake miƙa masa ya ce, "Zo ka raka ni unguwa." Yakan ce ba tuƙi yake dubawa ba, bakin mutum yake saurare idan aka shiga gabansa, don wanda ya kasa haƙuri da mai keke na minti ɗaya ba zai iya da ƙanwarsa ba. Ita kuwa Umma a bakin ƙofa take jiran dawowarsu. Ba fuskar Yaya take kallo ba. Ƙafarsa take kallo idan ya buɗe mota.

Mijin Anti Babba ya iya mota kamar a ciki aka haife shi, amma tun kafin su fita layinmu ya zagi mutum biyu da akuya ɗaya. Yaya ya dawo yana ɗingishi da takalmi a hannu, ya ce, "A ba shi, Umma, zuciyarsa fara ce. Amma ƙafata na nan kusa." Mijin Anti Ƙarama kuwa ya fi kallon kansa a madubi fiye da kallon hanya. Shi ma takalmi a hannu. An yi auren duka, suna zaune lafiya, sai dai babu makon da Yaya bai biya gidajen nan ba, wai hanya ce ta biyo da shi.

Sai nawa manemin. Yaya ne ya raɗa masa Mai Tabarau, don aikinsa ke nan, yanka gilashin ido da gyaran firam a wani ɗan shago kusa da namu. Tabaraun Umma na kai gyara muka haɗu. Mutum ne mai sanyi, magana ɗaya sai ya auna ta kafin ya ajiye, kuma ba ya iya ganin gilashi da datti ya ƙyale. Ran farko da ya zo gidanmu, kafin a kawo masa shayi ya goge mana fuskar agogon bango da hankicinsa. Anti Ƙarama ta ja ni kicin ta ce, "Wannan in kin aure shi tagoginki sun huta." Ni dai ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. So irin wanda kike jin kamar an sauke miki kaya idan ya shigo wuri.

Safiyar ranar ina tune da komai. Na sa doguwar rigata mai ruwan ganye, na yafa farin mayafi, na canja ɗankunne har na gaji, alhali ba ni za a gwada ba. Yaya ya zo da shuɗiyar rigarsa mai gajeren hannu da takalminsa ruwan ƙasa mai igiya, ya sha shayi a tsaye kamar kullum, ya tsinci gefen burodin Umma ta doke masa hannu. Mai Tabarau na waje tun da wuri, ya riga ya goge gilashin motar gaba da baya.

Yaya ya ja min kunne zai fita.

"Auta, in na dawo da takalmi a hannu kada ki daina gaishe ni."

"Zan daina."

"To ni ma zan daina sa miki mai a mota."

"Wace motar nake da ita?"

"Shi ya sa ban ji tsoro ba."

Ya fita yana dariya. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, ni da mutumin da ya raine ni. Da na sani da na ce wani abu mai nauyi, amma yanzu na fi son ta a haka.

Umma ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna. Rana ta ɗaga, inuwar ta gudu ta bar ta, ba su dawo ba. Sai wayata ta yi ƙara. Muryar Mai Tabarau ce, amma kamar daga cikin rijiya. "Ku zo asibiti. Ki taho da Umma." Likita ya ce zuciyar Yaya ce ta tsaya lokaci guda, tun a mota, babu abin da wani zai iya yi. Umma ta ce a bar ta ta shiga ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Da ta fito babu hawaye a idonta.

Abin da na gani a zaman makoki har yanzu yana tayar min da tsikar jiki. Ban san Yaya ya koyar da rabin gari ba. Direbobin bas, malaman makaranta, wata tsohuwa da ta koyi mota bayan mijinta ya makance don ta riƙa kai shi asibiti, wani ƙato mai tuƙa babbar mota da ya durƙusa gaban Umma yana kuka kamar yaro. Layinmu ya cika da motoci, kuma wallahi duk a jere suke tsaf, babu wanda ya tare ƙofar wani. Kowa ya buɗe baki sai ya ambaci ƙafar nan. Wata mata ta ce har yau in za ta yi ganganci a hanya sai ta ji kamar tafin ƙafar Malam na gefe yana jira. Na zauna ina kallonsu ina mamaki. Mutumin da nake faɗa da shi a kan ramut, ashe haka yake da girma a waje.

A cikin wannan taron maganar ta ɓullo. Wani ya ce ya ga farar motar a babban shataletale ta ci birki da ƙarfi gaban tankar ruwa, saura ƙiris. Kafin la'asar labarin ya yi ƙiba. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ta ɗauke shi ta goya. Gwaggo mace ce mai son mu, ban hana ta ba, amma in ta riƙe magana sai dai a yanke da hannun.

"Mutum lafiyayye garau ya fita," take cewa duk wanda ya zauna kusa da ita. "Yaron nan ne ya tsinka masa zuciya. Wanda bai iya mota ba ya ce ya iya, don neman aure."

Mai Tabarau yana zuwa kullum, yana zama can ƙarshen tabarma kansa a ƙasa. Babu mai yi masa magana. Da mutane suka watse, Umma ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, hoton Yaya a kife kan durowa don ba ta iya kallonsa.

"Auta, ban ce ya kashe min ɗa ba. Kwana ne ya ƙare, na sani."

"To, Umma."

"Amma ba zan iya kallon fuskarsa ba. In na gan shi, tankar nan nake gani, ina ganin ɗana a tsorace. Ki yi min wannan, ki bar shi."

Me za ki ce wa uwar da ta rasa ɗanta? Na ce to. Na fito na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Daga nan saƙonninsa suka zama abincin safiyata. Ba ya kira. Rubutu kawai, gajere. "Ina kwana. Ya jikin Umma? Ba sai kin amsa ba." Washegari, "An ce za a yi ruwa yau, ki ɗauki lema." Wata rana, "Na wuce ta shagonku, labulen taga na hagu ya karkace." Ina karantawa, in rubuta amsa mai tsawo, in goge. Labulen dai na je na gyara shi.

Gwaggo kuwa ba ta zauna ba. Ta nemo ɗan wata ƙawarta, mai wata baƙar mota doguwa da ba a ganin na ciki. Ta nuna min hotonsa a waya ya jingina da ita, hotuna da yawa, kowanne motar ta fi shi fitowa. "Wannan ko a mafarki ba zai razana kowa ba," in ji ta. Umma ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce ya zo a gan shi. Aka sa yammacin wata Asabar. Na san in ya shigo falon nan ya zauna, magana ta fara tafiya ke nan, kuma babu Yaya da zai miƙa masa makulli.

Ranar da hantsi ina kan tsani a shago ina rataye wani labule mai ruwan toka, sai na hango shi ta gilashin ƙofa. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya yana goge ƙafa a bakin ƙofa kamar wanda zai shiga ofishin manya.

"Ba daɗewa zan yi ba," ya ce. "Saƙo na kawo."

Ya ajiye gidan tabarau a kan kanta. Na sauko na buɗe. Tabaraun karatun Yaya ne, wanda hannunsa ɗaya ya karye tun bara yake ɗaure shi da zare, duk mitar da muka yi ya ƙi canjawa. An sa masa sabon hannu, gilashin na ƙyalli.

"Ranar ya ba ni kafin mu tashi. Ya ce ko na faɗi jarrabawa sai na gyara masa kyauta." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Na ji an ce wani zai zo gidanku yau. Ban zo hanawa ba. Kawai bai kamata abin nan ya zauna a wurina ba."

Ya juya zai tafi. Bakina ya riga tunanina.

"Faɗa min yadda aka yi."

"Auta, ki bar shi."

"Kowa ya ba ni labarin ranar nan, har waɗanda ke barci a lokacin. Kai kaɗai ne ba ka ba ni ba."

Ya cire nasa tabaraun ya goge, ya mayar. Ya ce tun daga layinmu Yaya ke tsokanarsa, wai tuƙinsa kamar mai ɗauke da ƙwai a kai. Suka bi ta kasuwa, suka bi ta lungun da masu kaya ke tare hanya, duk lafiya. Sai shataletale.

"Tankar ta shigo ta hannun da ba nata ba. Na taka birki, muka tsaya. Ko gogar juna ba mu yi ba. Direban ya leƙo ya wanke ni tas, har iyayena ya haɗa."

"Kai me ka ce?"

"Na ɗaga masa hannu ya wuce. Idonsa jajir, da gani kwana ya yi a hanya. Na ce wa Yaya, bawan Allahn nan barci yake ji, ba da ni yake ba."

"Yaya fa? Ya tsorata?"

"Tsoro? Dariya ya yi har da dukan cinya. Ya ce, 'Ka riga ni birki, yaro.'"

Na dafa kanta. Dariyar nan na san ta, har na ji ta a cikin shagon.

"Daga nan ne na san na faɗi," ya ce.

"Kamar yaya?"

"Muna fita shataletalen ya sunkuya ya jawo takalminsa. Ya sa safa, ya sa takalmi, ya ɗaure igiya a tsanake. Na ce a raina shi ke nan, ya gama da ni, so yake ya sauka ya nemi tasi. Sai ya tura kujera baya, ya miƙe ƙafafu, ya harɗe hannu a ƙirji. Ya ce, 'Mai Tabarau, kai ni gida.' Ya lumshe ido. Na ci gaba da tuƙi kunya kamar ta kashe ni, na kasa ko kallonsa. Sai da danja ta tsayar da mu na ce, Yaya, ta gada za mu bi ko ta ƙasa? Bai amsa ba."

Ban san lokacin da na zauna a kan dilar labule ba.

"Ka ce ya sa takalmi?"

"Eh."

"Ana cikin tafiya?"

"Ana cikin tafiya. Da na kalle shi a lokacin, wataƙila da na lura. Tun ranar ban sake taɓa sitiyari ba, Auta. Ko motar shago wani nake roƙo ya kai min kaya."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ba farin ciki ba ne, ba kuma baƙin ciki ba. Wani irin tsoro ne mai sanyi, irin wanda ke kama mutum idan ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa. Ga mutum a gabana ya kwashe watanni yana ɗauke da kunyar faɗuwa, alhali abin da aka ba shi babu surukin gidanmu da ya taɓa samu. Ga Yaya, wanda tun yana saurayi ƙafarsa ke kan birki saboda mu, ya ɗauke ta da kansa, ya jingina, sannan aka ɗauki ransa. Ba a tsorace ya tafi ba. A miƙe ya tafi, yana hutawa, wani na tuƙa shi.

Ban faɗa wa Mai Tabarau ba. Ba hurumina ba ne. A ƙofar gidanmu ake karanta wannan amsar, kuma Umma ce mai karantawa. Na ce masa ya koma shago, kada ya kashe waya. Na ɗauki jakata na ce wa mai shagonmu gida na nemana.

Na tarar Gwaggo ta riga ni. Ta baje wata riga mai ruwan zinari a kan kujera, da mayafinta da jakarta, wai ita zan sa wa baƙo. An canja wa kujerun falo riga, an fesa turare. Umma na zaune a gefe kamar baƙuwa a gidanta.

"Yauwa, ga ta nan. Zo ki gwada mu gani ko sai an rage."

Na wuce ta na durƙusa gaban Umma, na ɗora mata tabaraun Yaya a cinya. Ta shafa sabon hannun, ba ta tambayi daga ina ba.

"Umma, ranar a asibiti, wa ya cire wa Yaya takalmi?"

"Wace irin tambaya ce wannan ana zaune ƙalau?" in ji Gwaggo. "So kike ki tayar mata da ciwo?"

"Ni ce," Umma ta ce a hankali. "Ban yarda kowa ya taɓa min shi ba."

"Ɗaya kika cire, ko biyu?"

Ta kalle ni kamar ba ta gane ba. Sai na ga hannayenta sun fara motsi a kan cinyarta, kamar suna tuna abin da ita ta manta.

"Na hagun bai ba ni wahala ba, ya riga ya saki. Na daman ne." Ta tsaya. "Ɗaurin nan nasa mai ninki biyu, sabo, ya ja shi tam. Sai da na sa farce. Har na ce masa, kai kullum sai ka ɗaure abu kamar ba za a kwance ba..."

Na ga lokacin da abin ya isa gare ta, ya fara daga idonta ya sauka har kafaɗunta.

"Na daman," ta sake cewa.

Na ba ta labarin tankar, da dariyar, da kai ni gida. Gwaggo ta gyara zama.

"Wataƙila ma'aikatan asibiti ne suka sa masa."

"Wa zai tsaya sa wa gawa takalmi, Gwaggonsu? Kuma ɗaurinsa ne. Ni na koya masa shi ranar da zai fara zuwa makaranta."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ita ma ta san takalmin nan, a gabanta aka dawo da shi a hannu har sau biyu. Na ga ta ja gefen mayafinta ta kai ido.

Umma ta ɗaga tafukanta tana kallonsu kamar ba nata ba. Sai a lokacin hawayen da ta riƙe tun asibiti suka zubo.

"Na zauna a ƙofa ina jiran in ga ƙafarsa," ta ce. "Ashe ya kawo min amsar. Ni na kwance ta da hannuna, ban karanta ba."

Muka yi kuka mu uku, har Gwaggo, a kan rigar zinarin da ba a gwada ba. Da Umma ta natsu, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta tayar da hoton da ke kife. Ta fito da makullin farar motar, wadda ke rufe da tamfol a tsakar gida tun ranar da aka dawo da ita, ta damƙa min.

"Je ki ɗauko shi. A dawowa shi zai tuƙo."

"Umma, ya ce bai sake taɓa sitiyari ba."

"Na ji. Ina bakin ƙofa."

"Baƙon fa?" in ji Gwaggo, muryarta ta yi laushi.

"Ki kira ƙawarki ki ba ta haƙuri. Ki ce babban ɗan gidan ya riga ya yi magana."

Na yaye tamfol. Ƙamshin Yaya na nan a ciki, man gashinsa da alewar da yake ba ɗalibai masu tsoro. Na leƙa gefensa. Robar birkin nan ta goge ta yi sumul, ta lotsa daidai inda tafin ƙafarsa ke zama. Na sa hannu na taɓa wurin, na daɗe ban ɗauke ba. Motar ta yi tari sau ɗaya ta tashi.

Na rubuta masa saƙona na farko tun rasuwar. "Fito waje." Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo. "To."

Yana tsaye a bakin shagonsu lokacin da na iso. Da ya ga motar sai ya ja baya har ya jingina da bango. Na kashe ta, na fito, na zagaya na zauna a kujerar Yaya, na miƙa masa makulli ta taga.

"Ba zan iya ba, Auta."

"Umma na tsaye a ƙofar gida."

"Umma? Ni take jira?"

"Rana na dukanta. Ka san ƙafarta ba ta son tsayuwa."

Ya shigo. Ya gyara madubi, ya goge shi da hankici, ya riƙe sitiyarin kamar zai ƙona shi. Sannan ya kalli birkin da ke gabana, ya kalli ƙafata, yana jira.

"Ba za ki cire takalmin ba?"

"A'a."

Na tura kujerar baya, na miƙe ƙafafuna nesa da birkin, na harɗe hannu a ƙirji. Idona dai a buɗe na bar shi, a kansa.

"Mai Tabarau," na ce, "kai ni gida."

Ya daɗe yana kallon takalmin nawa. Na ga leɓensa na motsi, na ga abin yana isa gare shi a hankali, yadda ya isa ga Umma. Ya cire tabarau ya share ido da bayan hannu, ya mayar.

Sannan ya murɗa makulli.